Guntun Katakon Daeng Kebo

A Bira, wani gari na bakin teku, ranar da za a fara ƙera jirgin ruwa, sai a datse katakon farko gaba da baya. Guntun gaba a jefa shi teku, na baya a miƙa wa matar mai jirgi. Muddin yana ɗakinta, jirgi ya san hanyar gida.

Daeng Kebo ta karɓi nata da goyo a baya. Bayan shekara uku mijinta Mappa ya yi lodin gishiri ya nufi birnin Surabaya, shiru kake ji, yau shekara talatin da ɗaya. An yi masa salla, an yi sadaka, ta zauna ta karɓi gaisuwa kamar kowa. Amma katakon yana nan cikin akwati, naɗe a zanen aurenta.

Duk Juma'a bayan la'asar sai ta bar saƙarta ta hau wani dutse da ya kutsa cikin teku. Yanzu baƙi sun cika wurin, sun juya wa teku baya suna washe baki ana ɗaukar su hoto. Abin yana ba ta haushi. Ita dai kewar mutum guda ke kawo ta, kewar da ko kaɗan ba ta tsufa ba.

Bana gwiwa ta ƙi. 'Yarta Rosmini ta zo daga birnin Makassar da mota don ta tafi da ita.

"Inna, haɗa kayanki. Katakon ma ki taho da shi, ga kabad."

"Ji sakarci! A birni? Ta ina jirgi zai bi ya hau bene?"

"Haba Inna, shekara talatin fa."

"Da ɗaya. Ni na ƙirga, ba ke ba."

Da safe suka biya ta tashar jirage, inda ake ta sauke kifi. Can Daeng Kebo ta sami Nurung, amaryar jikan yayarta, wadda za ta zauna a gidan. Ta danƙa mata ƙunshin katakon.

"'Yar nan, kada ya bar ɗakin, ko shara kike. In wani ya zo yana tambayata, ki ba shi kofi, ban da sukari. Ki ce ban yi nisa ba."

"To, Kaka. Yaya zan gane shi?"

"Dogo ne, gashinsa baƙi wuluk, ga..."

Rosmini ta kau da kai.

"A'a," in ji tsohuwar a hankali. "Ki duba mai furfura."