Tie Baoshan, Direban da Ya Koyi Dafa Jiyauzi da Furfura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, wanda ya zo daidai da sha huɗu ga Rajab, Allah ya karɓi ran yayana, Tie Baoshan, a matattakalar benen da yake zaune a unguwarmu ta Musulmi da ke birnin Shenyang na ƙasar Sin. Zuciyarsa ce ta tsaya, yana da shekara saba'in da huɗu. Washegari aka sallace shi a Masallacin Kudu, aka kai shi makwancinsa cikin sanyin da sai da aka hura wuta a kan ƙasa kafin kabari ya haƙu.

Yaya, mutane sun zo gaisuwa da yawa, kuma kowa da abin da yake tunawa. Tsofaffin abokan aikinka na kamfanin bas sun ce ba ka taɓa tayar da mota ka bar tsohuwa tana gudu a baya ba. Liman ya ce kai ne mai share ƙanƙarar ƙofar masallaci tun kafin a nemi mai yi. Duk gaskiya ne. Amma ni ƙanwarka, Shuqin, abin da ya tsaya mini a rai shi ne teburin kicin ɗinka da abin da kake yi a kansa duk ranar Lahadi.

Kowa a unguwar nan ya san matarka, Yaya Guilan, da jiyauzi, ɗan ƙunshin nama a cikin fatar fulawa da muke dafawa a ruwa. Ita take kwaɓa fulawarta, ta murza fatar da hannunta, faifai bayan faifai, tsakiya da kauri, gefe sirit, ta zuba niƙaƙƙen naman sa da kabeji mai tsami, ta naɗe baki kamar ɗinkin tela. Fatar kanti kuwa ba ta taɓa shiga gidanta ba. Cewa take yi wannan ta malalata ce da gwagware. Kai a lokacin ko ruwan shayi ba ka iya dafawa ba.

Sai ciwon mantuwa ya same ta. Ta fara da manta gishiri, ta koma manta tukunya a wuta, daga baya ta manta sunan ɗanku Zhenhai, ta manta nawa. Ranar da ta tsaya a gaban kwanon fulawa tana kallonsa, ba ta san me ake yi da shi ba, ta fashe da kuka, ranar ce ka ɗaura gyalen girki. Ka gwada kwaɓi, ya yi ruwa. Ka sake, ya yi tauri. Abin da ka murza ya fito kamar tafin takalmi. Daga nan ka saka hularka ka nufi kasuwa, ka sayo fatar kanti a leda.

Na tuna yadda maƙwabciyarku, Gwaggo Mi, ta tare ka a bakin bene tana leƙa ledar.

"Direba Tie! Fatar inji a gidan Guilan? Wallahi da tana cikin hankalinta da da muciya za ta rako ka."

Ka ce, "Gwaggo, ai fatan da nake yi ke nan. Ranar da ta rako ni da muciya, zan yanka rago."

Ba ta rako ka ba. Amma da ka ajiye fatar a gabanta, ka sa mata nama a tsakiya, sai yatsunta suka kama aiki da kansu. Matar da ba ta san hanyar banɗakin gidanta ba, sai ga shi ta naɗe jiyauzi ɗaya, ta naɗe na biyu, kowanne da ninkinsa daidai kamar da. Na farkon duk sun fashe a tukunya, domin fatar kanti busasshiya ce, ba ta mannewa. Kuka sha romo da tarkace. Kai ka gano sai an shafa ruwa a gefenta da yatsa, a kuma rufe sauran da jiƙaƙƙen tsumma kada iska ta busar da su. Haka kuka raba aiki: kai ka shafa ruwa ka miƙa, ita ta naɗe. A wannan ɗan lokacin kaɗai take samun natsuwa, ba ta neman ƙofa, ba ta kiran mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa.

Wata Lahadi ina zaune tare da ku, ta dube ka ta raɗa mini da ƙarfi, "Bawan Allahn nan yana da kirki. Yana da mata kuwa?"

Ka ce, "Ina da ita, Hajiya, sai dai ta fi ƙarfina."

Ta yi dariya har da tafi. Kai ma ka yi, sannan ka tashi ka ce za ka duba ruwan tukunya, alhali ba ka ko kunna wuta ba.

Yaya, ina da ƙorafi a kanka, kuma ban san inda zan kai shi ba. Sai a wurin gaisuwa likitan unguwa ya gaya mana cewa tun kaka ya ce maka zuciyarka na bukatar aiki, ka kwanta a asibiti. Ka ce masa in ka kwanta, wa zai zauna da ita? Ba ka gaya mini ba, ba ka gaya wa ɗanka ba. Ka yanke hukunci kai kaɗai a kan ran da mu ma muna da rabo a cikinsa. Na yafe maka, amma har yanzu in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi.

Ga abin da ka bar mana. Yaya Guilan ba ta san ka rasu ba. Na gaya mata sau ɗaya bayan an dawo daga maƙabarta. Ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba, ta ambaci sunanka, sunan da ta shekara biyu ba ta furta ba. Kafin la'asar ta manta, ta tambaye ni ina mutumin nan mai miƙo mata fata. Zhenhai ya roƙe ni kada in sake. Yanzu in ta tambaya sai in ce ka fita aiki. Ni da na tsufa ina tsoron ƙarya, kullum sai na yi ta, in koma kan dardumata in nemi gafara.

Zhenhai yana so ya tafi da ita birnin Shenzhen, can kudu mai nisa, ya sa ta a gidan kula da tsofaffi kusa da wurin aikinsa. Ya ce, "Gwaggo, gwiwoyinki ba za su kai ki hawa na biyar kullum ba." Bai yi ƙarya ba, kuma ban zarge shi ba. Sai dai na san a can babu wanda zai zauna ya shafa wa fata ruwa ya miƙa mata. Na kwaso shimfiɗata na dawo gidanka. Mun yi da shi zan riƙe ta har a yi sadakar arba'in. Bayan nan ban san abin da za a yi ba, kuma babu kai balle in tambaya.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Baoshan. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa haƙurin da ya yi da iyalinsa ya zama nauyi a mizaninsa, ka saukar da shi a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga ɗansa Zhenhai da matarsa da jikokinsa, da danginmu na Tie da dangin matarsa na Ha, da jama'ar masallacinmu.

Ke kuma Yaya Guilan, ban san yadda ake yi wa mutum gaisuwar rashin da bai san ya yi ba. Kowa ya karɓi tasa, ke da kika fi kowa asara kina zaune kina jiran a buɗe ƙofa. Na rubuta taki a nan, tunda ba zan iya faɗa miki a fuska ba. Allah ya ba ki haƙuri, ya haɗa ku a inda za ki gane shi. Amin.