Audugar Kawu Bitrus da Haɓar Ishaku

Ku da kuka zauna a unguwar Television a shekarun tamanin kun san marigayi Kawu Bitrus, ƙanen mahaifiyata, ba ya fita sai da usur a wuya. Da shi yake zuwa aiki masaƙa a Kakuri, har coci ma yana nan a ƙarƙashin kwat. Wata Lahadi wani baƙon fasto ya ja wa'azi har cikin kowa ya fara ƙugi, sai muka ga hannun Kawu yana lallaɓawa wajen ƙirji. Matarsa, Maman Ishaku, ta danne hannun ta ce, "Bitrus, in ka hura abin nan, yau ba tuwo." Ya ce, "To ai mutumin nan tuni ya shiga ƙarin lokaci."

Wannan gajeren mutum shi ya kafa gasar ƙwallon kwando ta yara 'yan ƙasa da shekara sha shida, tsakanin Television, Kakuri, Gonin Gora da Rido. Shi ne shugaba, shi ne alƙalin wasa. Ƙwallo ɗaya ce tal, ta sha faci a wurin mai facin taya har ba ka gane asalin launinta. In aka ce a sayi sabuwa, sai ya buga ta da ƙasa ya ce, "Ta tashi ko ba ta tashi ba?"

Dokokinsa ashirin da uku ne, an buga su da tafireta, yana yawo da su a leda. Kafin kowane wasa sai ya karanta su kaf, mu muna tsaye rana na gasa mu. A yanke farce. Ba zagin uwa. Iyaye ba sa taka layi. Wani soja mai igiya uku ya taɓa tsallako layin don an ture ɗansa. Kawu ya ɗaga kai ya dube shi ya ce, "Oga, a bariki kai ne. A nan kuwa ni ne." Wallahi sojan ya koma benci ya zauna.

Amma doka ta bakwai ce ta yi suna. Kawu bai yarda da takardar haihuwa ba, ya ce kowa na iya zuwa kotu ya rantse ya rage shekara biyar. Sai ya zo da auduga daga masaƙa. In ana shakkar yaro, a goga masa ita a haɓa. Ta wuce sumul, yaro ne. Ta maƙale, ya je ya nemi mata. Dokar kuma tana da jela: kocin da ya nemi a gwada ɗan wasan wasu, shi ma za a gwada nasa duka.

Television ba ta taɓa ɗaukar kofin nan ba, har 'yan Kakuri suna ce mana 'yan rakiya. Shekarar da muka kai wasan ƙarshe da Rido, duk unguwa ta sa rai, don muna da Ishaku, ɗan Kawu na fari, kyaftin ɗinmu, dogo kamar falwaya. Mu shida ne kacal. Ni ne na shidan, aikina ɗumama benci.

'Yan Rido suka sauko daga bas da kambas sababbi da jesi masu lamba. Mu singileti ne, an rubuta lamba da shuɗin wanki. Kocinsu, Oga Sande, ma'aikacin matatar mai, ya bari Kawu ya gama karatu, sannan ya nuna Ishaku ya ce, "Baba, a gwada wancan."

Kowa ya san Ishaku shekararsa sha biyar, gashi ne kawai ya yi masa gaggawa, irin na dangin uwarsa. Ga Ishakun nan zaune a cikinku yau, in ƙarya nake ya faɗa. Kawu ya zaro auduga ya goga. Ta maƙale.

Ishaku ya ce, "Baba, ai ka san shekaruna."

Kawu ya ce, "Alƙali bai sani ba. Fita."

Maman Ishaku ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa na san ni ne zan shiga a madadinsa. Oga Sande yana ta dariya, sai Kawu ya yago sabuwar auduga ya ce, "Jero min naka."

Ashe bawan Allah da sassafe ya kai yaransa wurin mai aski, an kankare haɓa tas, yana ganin ya yi wayo. Bai yi aiki a masaƙa ba, bai san ba abin da ke kama auduga irin tsiron gashin da aka aske. Mutum huɗu cikin tara suka fito da farin gemu kamar dattawan coci, ɗayansu ma wata mata ta ce ta ci shinkafar aurensa.

Aka fara wasa biyar da biyar. Kada ku zaci Kawu ya tausaya mana. Laifin da bai kai ya kawo ba sai ya hura mana. Ana daf da tashi suna gabanmu da maki ɗaya, wani ya ture ni na faɗi. Jifa biyu daga layi. Ni hannuna ba ya kai ƙwallo kwando ta sama, don haka Kawu ya koya min jefowa daga tsakanin ƙafafu, kamar mai watsar da ruwan wanki. 'Yan Rido suka fashe da dariya. Ta farko ta shiga. Ta biyu ta zagaya ƙarfen, ta yi tunani, ta faɗa. Matan zumuntar coci suka ɓarke da guɗa, kuma ranar kaɗai iyaye suka taka layi Kawu ya yi kamar bai gani ba.

Da aka zo ba da kofi Kawu ya kira Ishaku ya karɓa. Oga Sande ya yi tsalle ya ce bai yarda ba, Kawu ya ce, "Doka ta hana shi wasa. Nuna min inda ta hana shi kyaftin."

A hanyar gida Ishaku yana rungume da kofi, amma ya ƙi ce wa uban uffan. Kawu ya tsaya wurin mai tebur ya karɓi reza ɗaya, ya miƙa masa. Ya ce, "Ranar da aka haife ka ruwa ake yi, ni na ɗauko ungozoma a keke. Ba abin da na manta. Da na bar ka ka buga, har ka tsufa za su ce babanka ne ya ba ka kofin nan. Yanzu kuwa su faɗa mu ji." Ishaku ya miƙa min kofin, ya rungume uban a tsakiyar titi.

Kawu, mun yi kewarka ƙwarai. Ubangiji ya gafarta maka, ya ba ka hutawa a wurinsa, ya sa mu riƙe gaskiya a kan 'ya'yanmu yadda ka riƙe ta a kan naka. Amin.