Tsarabar da Na Goyo Daga Fagam

Shekarun baya, lokacin farin da ya ƙafar da rijiyoyi, abokina ya ce in raka shi gaida surukansa a wani ƙauye bayan Fagam. Na yarda ne don an ce dajin can ya koma tamkar hamada, ni kuwa ina son in gani da idona.

Daga Birnin Kudu babbar mota ta sauke mu a Gwaram, sauran tafiyar a ƙafa. Ni ke goye da jakar soja da na saya a gwanjo, ina ji da ita sosai. Kafin mu isa mun shanye ruwan da muka ɗauko.

A gidan aka kawo ruwa a ƙwarya. Abokina ya sunkuyar da kai ya ce alhamdu lillahi, bai jin ƙishi. Wai shi ba zai sha ruwa a gaban uwar matarsa ba. Ni na sha rabona. Da za mu tafi, tsohuwar ta karɓi jakata ta shiga ɗaki, ta fito da ita a ɗaure, ta ce tsarabar mahaifiyarsa ce. Kunya ta hana shi roƙon ruwan hanya, ni ma na bi sahu.

Rana ta take. Babu ganye, babu tsuntsu, sai yashi da ƙasusuwan shanu. Ina ta tsayawa kallo, shi kuwa ƙafarsa ta fara harɗewa. A wani busasshen rafi na tona yashi har gwiwar hannu, ko danshi babu. Da na juyo sai na gan shi zaune, leɓɓansa sun tsage, yana kirana da sunan ƙanensa. Gaskiya na tsorata.

Na yar da jakar don in kama shi, sai na ji wani abu ya yi ƙulum a ciki. Na kai hannu, ya riƙe ni da ɗan sauran ƙarfinsa.

"Kada ka buɗe, ta Inna ce."

Na buɗe. Gora ce cike da ruwa, an toshe bakinta da tsumma, ga dunƙulen fura a gefe. Ba komai kuma. Na ba shi ya sha, ya farfaɗo.

Daga baya matarsa ta tambayi uwarta. Tsohuwar ta ce, "Na ga bai sha ba. Na san sai ya bar gabana zai sha. Da na ce masa ga ruwanka, ai ba zai ɗauka ba."

Tun daga ranar ba na shiga daji ban duba abin da na goya ba. Amma har yau ina mamakin yadda kunyarmu, ni da shi, ta kusa kashe mutum da ruwa a bayana. Kuma tun fitowarmu ina jin wannan ƙulum-ƙulum ɗin. Na ɗauka cikina ne.