Shanun Farfesa da Ruwan Kududdufi

Ina aji uku a jami'a aka toshe mana burtali, hanyar da shanunmu ke bi tsakanin gonaki daga rugarmu a bayan Gwandu zuwa fadama, tun kakana yana yaro. Wani kamfanin noman shinkafa ne ya zagaye fadamar da waya, har da bakin mashaya. Shanu suka koma shan wani kududdufi da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Mu ma shi muke tacewa da ɗankwali mu sha. A rani ɗaya maruƙa huɗu suka mutu mana.

Daga baya asiri ya tonu cewa jami'armu ce ta zuba jari a kamfanin, kuma shugabanmu, wani Farfesa ɗan Kalgo, shi ya sa hannu. Ɗalibai muka fito zanga-zanga a kan a janye jarin. Ni na riƙe lasifika, don bakina ba shi da linzami. Aka kira ni gaban kwamiti. Farfesa ya dube ni ta saman tabarau ya ce ci gaba ba ya jiran saniya, aka dakatar da ni shekara guda.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin nan ya san ni sarai. Shanunsa goma sha bakwai suna hannun Baffa, mahaifina, shekara da shekaru. Haka manya suke yi, su sayi shanu su ba makiyayi amana, mu sha nono, su kwashi 'ya'ya. Duk sallah yakan zo rugarmu, ni nake dama masa fura.

Na dawo gida ina tafasa. Baffa mutum ne mai kunya, ya ce, "Ɗiyata, a bar wa Allah."

Na ce, "Na bar wa Allah korar da aka yi mini, Baffa. Amma amanar da ba ka da ruwan da za ka shayar da ita, riƙonta alhaki ne. Ka mayar wa mai ita."

Na san inda zan taɓa shi. Ni kuwa ba alhaki ne ya dame ni ba, so nake Farfesa ya ji a jikinsa.

Baffa ya yarda, kwana uku muka yi muna kora shanun Farfesa zuwa Kalgo. Ni na zaɓi ranar, Juma'a, lokacin da manyan jami'a ke taruwa cin tuwo a gidansa bayan masallaci. Shanu suka kutsa farfajiya, suka rushe tukwanen fure, bijimin ya tuntsurar da durom ɗin alwala. Masu manyan riguna suna ta tsallake kashin shanu. Baffa ya durƙusa ya yi gaisuwa cikin ladabi, ya ajiye igiya a gabansa ya ce, "Ranka shi daɗe, ga amanarka. Ba mu da hanyar ruwa."

A wurinmu, makiyayi ya dawo maka da shanu a bainar jama'a ba ka nema ba, ya fi mari ciwo. Daga Diggi har Dangoma, duk ƙauyukan yankin, ba makiyayin da ya yarda ya karɓe su. Suka wuni suka kwana suna kuka a bayan gidansa, na ji labari na yi dariya har da hawaye.

Bayan sati uku sai ga motarsa a rugarmu, ya zo roƙon Baffa ya sake karɓar shanunsa. Baƙo ruwa ake fara ba shi, ni ce kuma mai kawowa. Na ɗebo na kududdufin nan, ban tace ba, na cika ƙwarya na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya dubi ruwan, ja ne har da tsutsotsi, ya dube ni. Wanda ya zo roƙo ba ya ƙin ruwan masu gida. Ya sha, ni kuma ban ɗauke idona ba.

Kafin ruwan farko ya sauka aka yanke waya a bakin mashaya, shanunmu suka gangara fadama. Shekarata kuwa ta tafi ke nan, ba wanda ya dawo mini da ita. Baffa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata, ya ce na zubar da mutuncin ruga a kan baƙo. Na ba shi haƙuri don ubana ne. Amma da za a sake, wallahi ƙwarya ta biyu zan ƙaro masa.