Kwandon Inna da Darasin Jigila

Kowa a gidan da na sauka a Yelwa cewa yake Inna fushi take da ni don na bar Wara na zo koyon kwamfuta. Ba su san Inna ba. In tana fushi, har masu jirgi a bakin ruwa sai sun ji.

Amma shirun ya dame ni. Makon da na iso ta aiko min da busasshen kifi a kwandonta, ta hannun kawuna mai jirgi. Daga nan ɗif. Na aika gaisuwa ta bakin 'yan kasuwa, ba amsa. Kullum aka tashi daga aji sai in gangara bakin ruwa ina leƙen jirage, in dawo ina huci kamar kububuwa.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba a lokacin, intanet kuwa a jikin allo kawai muka san ta. Malaminmu, wani dogo mai maganar sanyi, ya zana hawa-hawa kamar bene, ya ce haka saƙo ke sauka daga wata na'ura ya hau wata, kowane hawa da aikinsa. Ran nan ya tsaya a hawan jigila. Ya ce na ƙasa da shi aikinsa nemo hanya kawai, ko kaya sun nutse babu ruwansa. Shi wannan shi ke yanka saƙo gunduwa-gunduwa, ya sa wa kowace lamba, don can a jera su daidai ko da ta baya ta riga ta gaba isowa. Kuma ba ya ta tura kaya haka nan. Sai ya aika kaɗan, ya dakata har na can ya ce sun iso, sannan ya ƙara. Wadda ba a amsa ba sai ya sake aika ta.

Na ce wannan ai ɓata lokaci ne. Ya ce akwai wata hanyar da ba ta jiran amsa, jifa kawai take yi, abin da ya faɗi ya faɗi, kuma da alama ita ta dace da halina. Aji ya kwashe da dariya. Ban yi ba. Na tambaye shi in na can ya ƙi amsawa gaba ɗaya fa?

"Zai jira, ya sake gwadawa, ya ƙara jira. Daga ƙarshe ya rufe hanyar."

Ban zauna ƙarshen darasin ba. Ranar kasuwa ce, na san kawu zai zo. Na same shi yana sauke buhunan albasa, na ce ya gaya min gaskiya ko Inna ta yafe ni ne.

Bai ko ɗago ba. "Ke ɗiyar nan, ina kwando?"

Na ce wane kwando? Ya ce wanda kifi ya zo a ciki. Wai kullum ya koma sai ta leƙa jirginsa, in ba ta gani ba ta juya. Gaisuwa ta baki kowa na iya ƙirƙira ta a hanya don ya faranta wa tsohuwa rai, amma kwandon da ya dawo ba ya ƙarya. Har ta fara zargin shi ya cinye kifin. Wani kifin kuma yana can a rataye, ta ce ba za ta aika na biyu ba sai ta san inda na farko ya kwana.

Na ce to me ya hana shi faɗa min tun tuni? Ya ce ya ɗauka wadda ta gama sakandare ta san wannan.

Kwandon yana ƙarƙashin gadona, takalma na zuba a ciki. Na ce kada ya kuskura ya tashi jirgin nan, na ruga gida na zazzage shi. A hanya na tuna maganar rufe hanya, na ga ba zan iya zaman jiran wata kasuwar ba. Aji zai jira ni. Na yanke cewa ni da kwandon za mu shiga jirgin tare, in aje shi a gabanta da hannuna.