Jikan Hajiya a Kasuwar 'Yan Ƙwallo

Har gobe ban manta da Alhamis ɗin da Hajiya Kande ta mayar mini da ƙwayar maganinta a tafin hannu, ta dunƙule mini yatsuna a kanta ba. Ku da kuka shigo kamfanin nan bana, kullum sai kun tambaye ni me ya sa nake cewa ku ji tsoron hirar majalisi fiye da santsin banɗaki. To ga dalilin. Ku saurara da kyau, don ni ba na maimaita magana.

Lokacin ina shekarata ta farko a aikin murafiƙa. Ga wanda bai san tsarinmu ba: mushrifa ce a sama, ita ke raba mana gidaje. Sai nas, mai leƙowa a cikin mako. Sai mu murafiƙai a ƙasa, masu wuni da tsoho. Mu ne wanka, mu ne abinci, mu auna jini, mu miƙa magani. Miƙawa na ce. Doka ta hana mu ɗura, ta hana mu ɓoye ƙwaya a cikin abinci. In tsoho ya ƙi sha, ki sanar da mushrifa. In awon jininsa ya haye iyakar da likita ya yanka, a kira motar asibiti, ko yana so ko ba ya so.

An tura ni gidan Hajiya a unguwar Ƙiblatain ta nan Madina ne don ina jin Hausa. A unguwar Jurf aka haife ni, amma uwata Bakanuwa ce da ba a amsa mata da Larabci a kwana lafiya. Ita Hajiya ta haye tamanin. A goye aka shigo da ita ƙasar nan daga wajen Damagaram. Tana da hawan jini, kuma ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki da ya zo da sauƙi ya sake ta. Likita ya faɗa wa 'ya'yanta cewa in ya dawo, ba lallai ya sake ta ba. Ƙwayar nan ta safe ita ce katangar da ke tsakaninta da shi.

Tana da jika a Amurka, ɗan 'yarta da ta auri wani injiniya ɗan Najeriya. Sunansa Haruna, sunan marigayi mijinta, don haka ba ta faɗi, Maigida take ce masa. Yaron yana buga ƙwallon can, ba irin tamu ta ƙafa ba. Wadda ake sa kwalkwali, a rungumi ƙwallo mai kama da gwanda, a yi ta karo kamar raguna. A shekarar ya gama jami'a, ya shiga abin da suke kira diraf. Kowace shekara a ƙarshen Afrilu manyan ƙungiyoyi suna zama, daga Alhamis zuwa Asabar, suna zaɓen sababbin 'yan wasa bi da bi. Ƙungiya tana iya musayar layinta na zaɓe da na wata, tana iya bayar da tsohon ɗan wasanta a ba ta layi. Duk wannan ban sani ba a da, kuma da za a bar ni da ban so sani ba.

Wanda ya kawo mana shi gida Dakta Bello ne, mai kantin magani a bakin layi, Bakatsine da ya yi karatu a Amurka ya kwaso cutar ƙwallon. Tun da ya ji ɗan 'yar'uwar maƙwabcinsa yana cikin diraf, kullum bayan La'asar yana majalisin Ustaz Faisal, autan Hajiya, wato ɗakin hirar maza na gidan. Turancin Faisal ba ya tafiya, Larabcin Dakta kuwa na sayar da magani ne kawai. Sai Dakta ya riƙa karanto ra'ayoyin magoya baya daga wayarsa yana juya su da Hausa, Faisal yana amsawa da Larabci. Kuma da Hausar kasuwa yake juyawa. Wannan ya ce hannun yaron gajere ne. Wancan ya ce an taɓa yi masa aiki a gwiwa, kaya ne mai aibi. Wani ya ce gara ƙungiyarsu ta sayar da wani tsohon ɗan wasanta da ya gaji, ta samo layi, ta kwashi yaron da araha. Wani ya ce ko kyauta aka ba shi ba ya so. Dakta yana tsaki yana cewa jahilai ne, ba su san kaya ba.

Bango ɗaya ne tsakanin majalisin da ɗakin Hajiya. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta, wallahi, ya fi nawa.

Ranar Laraba Faisal ya shigo da fara'arsa, ya nuna mata wani bidiyo. Haruna ne tsaye daga shi sai gajeren wando, wasu mutane suna auna tsawonsa, suna ware masa yatsu suna gwadawa, wasu na zaune a jere suna kallo. Ta daɗe tana duba. Sai ta tambaya ko sun duba haƙoransa. Faisal ya yi dariya ya sumbaci kanta ya fita. Ni ma na ɗauka raha ce.

Washegari ta mayar mini da ƙwayar.

Na ce, "Hajiya, ba na son wasa da safen nan. Ki sha mu wuce wurin."

Ta ce in zauna. Ban zauna ba, ta fara a haka. Ta ce tana da wa, Ilu. Da suka iso bakin teku, ita tana goye, guzurin iyayensu ya ƙare. Wani mutum ya ce zai riƙe musu yaron ya yi masa aiki har su sauke farali su dawo. Uwarsu ta ga an tuɓe shi, an lallatsa damtsensa, an buɗe bakinsa an duba. Daga ranar ba a ƙara ganin Ilu ba. Har uwar ta rasu a nan Madina, duk baƙin yaron da ta gani a bakin Harami sai ta bi shi da ido. Hajiya ta ce ita ta ji da kunnenta ana taya Maigida a majalisi, ta ga awon da idonta. Ta yi alkawari babu abin da zai wuce maƙogwaronta sai dabino da zamzam har ta ji yadda aka ƙare da shi.

Na kira mushrifarmu, Abla Zainab. Ta turo nas. Nas ta yi ta lallashi da Larabci mai daɗi, Hajiya ta juya wa bango fuska. Faisal ya ja ni gefe ya ce in daka ƙwayar in zuba a ruwan. Na ce masa doka ta hana, kuma ko ba doka, tsohuwar da ke gane zamzam ɗin da ya kwana a roba ba za ta kasa gane ɗaci ba. In ta kama ni sau ɗaya, shi ke nan, ko ruwan ma ta daina karɓa. Ya ce ina da baki. Na ce an sha faɗa mini.

Ranar Juma'a awon jininta ya hau. Bayan an sauko daga masallaci na tsaya a ƙofar majalisi na ce wa Dakta, tun da bakinsa ne ya ɗaura, ya zo ya kwance. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta, ya gaishe ta, ya yi bayani mai tsawo. Ya ce wasa ne, daraja ce, yara dubbai suna mafarkin a kira sunansu. Ta bar shi ya gama.

Ta ce, "Dakta, in waɗanda suka kira shi ba su yi masa ba, zai iya cewa a'a ya tafi wurin wasu?"

Ya ce gaskiya ba ya iya zaɓen wasu, sai dai ya zauna bai buga ba.

"In sun gaji da shi, suna iya ba wa wasu shi?"

"Suna iyawa, Hajiya."

"Da shawararsa?"

Dakta ya kalle ni. Ya ce ai ana biyansu dukiya mai yawa, yaron zai huta, iyayensa su huta. Ta ce, "Ai Ilu ma an ce za a ci da shi da kyau." Ta ja mayafinta.

A nan tsoro ya kama ni sosai. Da ina ganin rashin fahimta ne, in an yi bayani ya wuce. Yanzu an yi bayanin, kuma bayanin ya ba ta gaskiya rabi.

Asabar ita ce mafi muni. An wuce kwana biyun farko ba a kira Haruna ba, Dakta ya ce dama sai ranar ƙarshe ake sa ran irinsa. Awon Hajiya yana dab da iyaka. Ina ta ƙirƙiro dalilin sa ta murmushi don in ga ko bakinta ya karkace, ina ba ta hannuwana in ce ta matse mu ga wa ya fi ƙarfi. Ta gane. Ta ce, "'Yar nan, kin ishe ni da gwaji kamar ni ma sayar da ni za a yi." Abla Zainab ta ce in har Lahadi da safe ba ta sha ba, mota za ta zo, babu wata magana. Hajiya ta ce in aka fitar da ita da ƙarfi, a tabbata an tafi da likkafaninta da ke ƙasan akwati.

Na koma Jurf ko abinci ban iya ci ba. Ni da ban san kan ƙwallon ba, sai ga ni ina bin maganganun magoya baya ina sa waya ta fassara mini. Wayar ma ta ƙara mini, don diraf ɗin tajnid ta fassara shi, wato ɗaukar soja dole. Wasu suna zagin ƙungiyarsu don ta musanya layinta, wasu suna lissafin waɗanda suka rage kamar ragowar tumatir da yamma. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, na rasa me zan roƙa. A kira shi, ta ce an sayar? A ƙi kiransa, yaro ya karye?

Lahadi da safe na tarar da Faisal da Dakta a majalisi, shayi ya huce a gabansu, fuska kamar an yi rasuwa. Na ɗauka Hajiya ce ta cika. Faisal ya ce tana nan, Haruna ne ba a kira ba, an rufe diraf babu sunansa. Dakta yana ta faɗa, wai maganar gwiwar nan ce ta kashe masa kasuwa, ga magoya baya har sun fara cewa dama sun faɗa. Faisal ya gargaɗe ni kada in kuskura in gaya mata, labarin zai ƙarasa ta. Na ce, "Ya Ustaz, ai bangon nan ya riga ni."

Ban rufe baki ba ta ƙwala mini kira, ta ce in shigo da Dakta.

Na same ta zaune. Na ɗaura mata abin awon jini da sauri, don na san motar tana hanya. Ta tambayi Dakta ko gaskiya ne babu wanda ya taya. Ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, ta yi haƙuri. Ta ce to yanzu hannun wa yake? Ya ce ba ya hannun kowa. Irinsu, da an rufe, ƙungiyoyi ne ke bugo musu waya suna cewa zo ka gwada a wurinmu. An ce har biyu sun nemi Haruna, shi zai duba ya zaɓa. Amma fa, in ji Dakta, babu tabbas, kuma abin da za a ba shi kaɗan ne.

"Shi zai zaɓa?"

"Shi zai zaɓa, Hajiya."

Sai ta ce, "Ashe ɗa ne." Faisal bai gane ba, ya ce ai ɗan Yaya ne mana. Ni na gane, don uwata tana faɗin haka. Ɗa, wanda ba bawa ba.

Ta ce a kira mata shi. Aka kira. Ya fito a waya idanunsa jawur, ƙaton mutum ya cika fuskar wayar. Ta ce, "Maigida, barka da arziki." Ya ce da guntuwar Hausarsa, "Kaka, ba kowa ɗauka ni." Ta ce, "Shi ne nake maka barka." Ta ce ya zaɓi garin da ke da masallaci kusa, kuma kada ya ƙara tuɓe wa kowa riga sai matarsa, wato ita. Uwarsa ta fassara masa daga gefe. Yaron ya tuntsire da dariya, hawaye na zuba.

Ba ta kalle ni ba ta miƙo tafin hannu. Na sa mata ƙwayar, ta haɗiye da zamzam, ta ce in dama mata kunu mai kauri, kuma in daina tsaya mata a ka kamar ɗan sanda. Na fita tsakar gida na kira Abla Zainab. Ta ce nas za ta zo a maimakon mota. Sai a lokacin na samu na zauna a matakala.

Dakta bai daina zuwa majalisi ba, amma ya koma karanta ra'ayoyinsa a zuci.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Kwana da kwanaki duk muna ce mata babu komai, wasa ne, babu wanda ya tsaya ya tambaye ta me ta gani a bidiyon nan. Tsofaffin da za a ba ku, yawancinsu da ƙafa iyayensu suka iso garin nan, kuma ba duk wanda aka taso da shi ne ya iso ba. Kalmar da ke wasa a majalisi, a ɗakin tsohuwa tana iya zama sunan wani da ya ɓata. Don haka in kun shiga gida, kafin ku nemi inda aka ajiye magani, ku duba wane bango ne ɗakin ya haɗa da shi.