Gwangwanin Hannu

Yayana ya dawo unguwarmu Nima a shekarar da aka koro mutanenmu daga Legas, da riga ɗaya da jakar leda. Tela ne, kuma duk layinmu an san ya tafi da keken ɗinkinsa, baƙi mai zanen zinariya, wanda Mma, mahaifiyarmu, ta saya masa da ribar kokon da take sayarwa. Bai dawo da shi ba. A Zango, unguwannin Hausawa irin tamu, ba a tambayar wanda ya dawo daga tafiya abin da ya baro. Sannu da zuwa ake yi masa, a ajiye masa abinci. Haka muka yi, shi kuma ya samu benci a tsakar gida ya zauna. Watanni suka wuce yana nan a kai.

Shekarar yunwa ce, kowa da abin da ya dame shi. Ni na gama makaranta ba aiki, ina taya Mma tace gasara da safe, sauran yinin kuma in yi ta jin haushin kowa. Ban ji tausayin Yaya ba, ban kuma ji haushinsa ba. Ina wuce shi kamar yadda nake wuce randa.

Wata Lahadi bayan la'asar ya ga ɗan ludo a hannuna, wannan mai ɗigo-ɗigon da ake jefawa, sai ya yi magana ba wanda ya tambaye shi. Ya ce wasu ɗaliban jami'a da yake yi wa ɗinki a Legas suna wani wasa: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, in za ka yi abu mai wuya ka jefa ɗan ludo. Su da ƙaton littafin Turanci suke yi. Mu ba mu da littafi, shi ma siffar wasan kawai ya riƙe. Da Mma ta ji muryarsa daga kicin, ta leƙo.

"Caca ne?"

"Babu kuɗi ciki, Mma."

"To ku yi."

Muka jawo maƙwabcinmu, wani Bamoshe makaniki mai yawan surutu, muka zama uku. Ni aka ba ba da labari, don an ce bakina ba ya gajiya. Aikin da ya fi cin mu shi ne tsara abin da kowane mutum a labarin ya iya. Muka tara gwangwanayen madara da murafun kwalba. Kowane gwangwani iyawa ɗaya ce, yawan murafun da ke ciki shi ne ƙwarewarka, ka haɗa da abin da ɗan ludo ya ba ka. Akwai Baki, na ciniki da lallashi. Akwai Ƙafa, na gudu da sanin lungu. Akwai Jama'a, wato wa ka sani a tasha ko a masallaci, wanda makaniki ya rantse ya fi sauran duka amfani, kuma da gaskiyarsa. Na so a yi gwangwanin Harshe, suka yi mini dariya. A Nima mai tallan lemo ma tana jin Hausa da Tuwi da Ga, wa zai ɓata murfi a kan wannan? Sai na ƙarshe, Hannu, na sana'a.

Mun yi musu sosai kan yadda iyawa take ƙaruwa. Makaniki ya ce in ka ci nasara a ba ka murfi. Na ce in ka faɗi ne, don ni duk abin da na iya da duka na koye shi. Yaya ya saurare mu, sannan ya kawo tasa dokar: duk gwangwanin da aka tashi wasa ba ka taɓa shi ba, a cire masa murfi ɗaya. Ya sa mata suna tsatsa.

"Cale, abokina, wannan doka ya yi zafi," in ji makaniki.

"Haka hannu yake," Yaya ya ce.

Mutumin da Yaya ya zaɓa ya zama a labarin tela ne, kuma ya zuba yawancin murafunsa a Hannu. Na faɗa wa Mma. Washegari ta yafa mayafi ta haura gota, babbar kwatar bayan unguwarmu, zuwa Mamobi, wurin wani tsohon tela da ke da keke na biyu a ajiye. Ya ce a turo yaron duk ranar da ya shirya. Ba wanda ya iya gaya wa Yaya kai tsaye. Aikin ya faɗo kaina, ni mai labari: in sa shi ya yi ɗinki a wasa, wataƙila ya yi a gaske.

Labarin tafiya ce daga tashar Tudu zuwa arewa a motar goro. Na yaga tamfol ɗin motar ana tsakiyar ruwa. Yaya ya jefa a Baki, ya lallashi wani direba ya ara musu nasa. Na kai su garin da ake biki telan garin ya kwanta ciwo, ya jefa a Jama'a ya nemo wani tela. Na sa 'yan sanda suka tare su suka ce sai an gyara musu kaki, ya jefa a Ƙafa ya shige daji. Ya iya wasan, har yakan yi murmushi. Kowace Lahadi in za mu tashi, shi da kansa yake sa yatsu biyu a gwangwanin Hannu ya ciro murfi ya mayar cikin tari. Da farko gwangwanin in an girgiza shi ba ya yin ƙara don cika. Daga baya ya koma kacau-kacau.

Ranar da ya rage saura murfi ɗaya, na bar dabara. Ban kawo ruwa ba, ban kawo ɗan sanda ba.

"Yaya, kana cikin wani ɗaki. Ba kowa, ba abin gudu. Ga keken ɗinki an sa masa mai, ga zare, ga yadi a ninke."

Ya ɗauki ɗan ludon ya riƙe. Makaniki ya zuba masa ido. Ina jin Mma ta daina kankare tukunya.

"Keken wane iri?"

"Baƙi. Da zanen zinariya."

"Mai shi ina ya je?"

"Ya tafi. Ya bar shi."

Ya daɗe yana juya ɗan ludon a tafin hannunsa.

"A rufe ɗakin," ya ce. "Mai shi za ya dawo. Ba a taɓa kayan mutum."

Ya ajiye ɗan ludon bai jefa ba. Ya ciro murfin ƙarshe ya sa a tari, ya kife gwangwanin, ya tashi ya yi alwalar magariba. Na zauna ina jiran in ji wani abu, kuka ko fushi, ba abin da ya zo. Na tattara murafun na zuba a leda. Daga ranar ba mu sake wasan ba, ba kuma wanda ya ce a daina.

Ba da jimawa ba ya samu aikin lodi a Tudu, kuma a nan ya yi shekarunsa. Tsohon telan Mamobi ya ba wani mutum keken. Gwangwanayen Mma ta wanke su ta mayar da su ma'aunin sukari.

Bayan na yi aure, wata rana Yaya ya biyo ta gidana da rigarsa ta Juma'a, aljihun ya ɓalle, ya ce in kama masa. Ni ban taɓa iya allura ba. Na yi abin da na iya, ɗinkin ya fito a karkace, zaren ma ba launin rigar ba ne. Ya karɓa ya juya ta ciki, ya bi ɗinkin da babban yatsansa daga farko har ƙarshe, yadda na sha ganinsa yana yi wa yaran shagonsa a da, kafin ya ce su warware. Na tsaya ina jira ya ce in warware.

"Ya yi," ya ce, ya sa rigar ya tafi masallaci.